Amsoshin Tambayoyinku: Yaron Aiki na Farko

Wani saurayi daga Asawase a Kumasi ya rubuto cewa shekara uku ke nan yana kawo raguna daga Arewa yana sayarwa a bakin titi kafin Babbar Sallah. Bana yana son ɗaukar mutum ɗaya na mako uku, amma tsoro ya kama shi: sai ya je ofis ya yi takardu? Ranar da ruwa ya hana ciniki fa, sai ya biya?

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta san da irin aikinka, aikin da ke zuwa da lokacinsa ya wuce. Muddin bai kai wata shida ba kuma lissafin rana kuke yi, ba dole ne a rubuta yarjejeniya ba. Batun ruwa kuwa, amsar ba za ta yi maka daɗi ba: idan ya zo wurin aiki, dokar ta ce a ba shi kuɗin ranarsa ko da sama ta hana komai. Ka san Kumasi, in damina ta kankama kana iya yini ƙarƙashin leda ba wanda ya taya ko akuya. To sa wannan a lissafinka tun yanzu. Kada kuma ka ɗauki wanda bai taɓa kwana da dabba ba. Rago ɗaya da ya kumbura da dare ya cinye ribar guda biyar.

Wani kuma yana tambaya ko ya ɗinka wa yaron da zai ɗauka riga mai tambari ya saya masa waya, don teburin kankanarsa ya yi kama da kamfani. Malam, kankana kake yankawa. Sayi lema mai kyau da bokitin wanke hannu.

Sai wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wata Hajiya a Aboabo tana haɗa sobolo da lamurji da burkina lokacin zafi da azumi, har aikin ya fi ƙarfinta. Za ta sa a turo mata 'yar ƙanwarta daga Bawku, ta ce ba sai an yi zancen albashi ba, "ai 'yata ce, in Sallah ta zo zan yi mata ɗinki."

Hajiya, ki yi haƙuri, a nan zan daɗe. Wannan "ai na gida ne" ta raba zumunci a Zongo fiye da rabon gado. Yarinya za ta tashi tun asuba ta jiƙa sobo, ta ɗaura a leda, ta ɗauki kula a ka ta yi ta zagaye cikin rana da azumi a bakinta. Ke kina ganin kin ci da ita kin ba ta wurin kwana. Ita tana ƙirga kwanaki a zuciyarta, uwarta ma tana ƙirgawa daga can. Ranar Sallah ki miƙa mata atamfa ɗaya, ta karɓa da ladabi, ta koma gida, sai ki ji maganar ta zagayo ta bakin wata gwaggo. Na ga haka ba sau ɗaya ba. A yanka kuɗin tun kafin ta hau mota, a gaban uwarta ko wani babba, ko da ta waya ne. Mafi ƙarancin albashin rana da gwamnati ta tsayar a 2025 sidi 19.97 ne, kuma ke kanki kin san wannan da ƙyar yake sayen waakye mai nama, don haka kada ki ɗauke shi ma'auni. Ki biya duk mako, kada ki ce kina tara mata. Kuɗin da ake tara wa mutum a hannun mai sana'a, sukari da citta yake komawa.

Ba ki faɗi shekarunta ba. Dokar yara ta 1998 ta sa shekara 15 kafin a ɗauki yaro aiki. In 'yar makaranta ce, ki bar ta ta gama, ki nemi wata.

Abu ɗaya kuma, duk wadda kika ɗauka: kuɗin MoMo, wato waɗanda ake turowa ta waya, su shiga lambarki, kuma ki koya mata duba ainihin abin da ke cikin asusun kafin ta miƙa kaya. Saƙon ƙarya na "an turo" ya yi yawa, sabon hannu kuma shi ɓarayi ke nema. Ki ƙirga leda nawa ta fita da su, nawa ta dawo da su, a rubuta a littafi kowace yamma, tana gani kina gani. In ƙanƙara ta narke kaya suka lalace don kular taki tsohuwa ce, wannan asararki ce, kada ki zare daga kuɗinta.