Golf ɗina na cinye batir, mai riwaya da mai batir kowa na ɗora wa ɗan uwa nai laihi

Tambaya daga wani ɗan uwa a Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum Malam. Ina da Golf 3 tsohuwa, cikin shekara biyu batir biyu na saya, na ƙarshen bai wuce wata bakwai ba. Yanzu da sahe in na murɗa makulli sai dai in ji kat kat kat, dole sai yara sun tura ni, amma in ta tashi duk yini ba ta ba ni matsala. In ta kwana biyu aje kam ko hon ba ya yi. Da dare fitilu na dusashewa in tana silo, in na taka totur su ƙara haske, kuma jar alamar batir ta dashbod na ɗan haskawa kaɗan-kaɗan. Mai riwaya ya cire kan batir mota na aiki ba ta mutu ba, yac ce altaneta lahiya lau, batir ne jabu. Mai batir kuma yac ce altaneta ce ke kashe mini batir. Wa zan bi? In sake sayen wani?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Kar ka sayi batir na uku tukuna, don Allah riƙe kuɗinka. Yadda ka hwaɗi alamomin ga, in ka sa sabo gobe zai yi ma sati uku ko wata ɗaya kana murna, sannan shi bi sawun 'yan uwa nai.

Batir randa ce kawai, ba ya haƙo ruwa, abin da anka zuba mai shi yake ajewa. Altaneta ita ce ɗan garuwan da ke cika ta in inji na aiki. To in ka iske randa ba ruwa da sahe, ko dai ɗan garuwa bai zuba isasshe ba, ko randar ta tsage, ko akwai mai ɗiba da dare. Mutanenmu kullum randa suke canzawa don ita ce ake gani.

Bari in hwara da gwajin da mai riwaya yay yi, don shi ne ya fi damuna. Cire kan batir mota na aiki al'ada ce da ta taso tun zamanin su Fijo 404 da 504, motocin kafireto da ba su da kayan lantarki masu laushi. Golf 3 tana da ƙwaƙwalwa, birenbos ɗin nan mai sarrafa mai da wuta. Batir shi ke shanye hauhawar wutar da altaneta ke fitarwa, da ka cire shi inji na aiki wutar na iya tsalle ta wuce kima cikin ƙiftawar ido, ta ƙona dayod ɗin altaneta masu sa wuta bin hanya guda, ko regileta mai daidaita ƙarhin wutarta, ko birenbos ɗin kansa. Kuma ko ba ta ƙona komi ba gwajin bai nuna abin da ake nema, don inji mai silo wuta kaɗan yake buƙata, altaneta da ta rage rabin ƙarhi tana iya riƙe shi amma ba ta iya cika batir ga fitilu ga fanka. Kar ka sake bari a yi ma motarka haka, ko wane ne.

Abin da zai raba gardama mita ce, wagga ƙaramar mai wayoyi biyu ja da baƙa da masu gyaran rediyo da 'yan sola ke riƙewa. Ba ta da tsada ko kusa da kuɗin batir, in ba ka saya ba ka ara. Ka juya ta inda anka rubuta DCV 20, jar waya ga kan batir mai alamar +, baƙa ga mai alamar -.

Awon hwarko da sahe za ka yi shi kahin ka taɓa makulli. Batir mai lahiya da ya cika zai nuna bolt 12.6. In ka ga 12.4 ya ɗan sauka, 12.2 wajen rabi ke nan, ƙasa da 12 kam ya zube. In kuwa bayan an yi mai caji ka ga wajen 10.5, to ka san batirin mota gida shida ne a ciki, kowane gida na ba da 2.1, wato ɗaya ya mutu ke nan kuma ba cajin da zai tada shi. Sannan ka bar mitar a jiki wani shi murɗa makulli kana kallo. Lamba za ta hwaɗi, dole ne, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba. Sai dai hwa wanga awon ba ya da ma'ana ga batirin da ba a cika ba, shi ya sa nike so ka hwara kai shi wurin masu caji su ɗora shi a hankali, wajen amfiya 6 ga batir mai lamba 60 ko 62, shi kwana, kar su yi mai cajin gaggawa na awa ɗaya. In an sauke shi ka bar shi shi huta awa biyu zuwa uku sannan ka auna. In ya riƙe 12.6 kuma ya juya inji da ƙarhi, batirinka ba jabu ba ne, yunwa ce ta kama shi.

Awo na biyu shi ne na altaneta. Tada mota, mita na kan batir. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Sai ka kunna manyan fitilu da fanka da duk abin da ke cin wuta, ka ɗan taka totur allurar inji ta kai wajen 2000. In lamba ta tsaya sama da 13.5 altaneta na aikinta. In ta sauko 12 da wani abu, to motar daga batir take ci kana tahiya, ba cika shi take ba. In kuma ta haura 15 regileta ce ta lalace tana dafa batir, za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, ruwan batir na ƙarewa da wuri, kwan fitila na yawan ƙonewa, wani lokaci ma jikin batirin shi kumbura.

Ni dai in ka tambaye ni inda zatona ya hi ƙarhi, ga altanetar ne, kuma cikinta dayod. Ga dalili. Altaneta wuta mai kai da komo take haihwa, irin ta NEPA, dayod ɗin da ke cikinta su ke mayar da ita mai bin hanya guda wadda batir ke karɓa, kuma su ke tare hanya kar wutar batir ta koma cikin altaneta in an kashe mota. In ɗaya ya ƙone abu biyu ke faruwa lokaci guda, caji shi ragu, sannan da dare batir shi riƙa tsiyayewa ta cikin altanetar. Dubi abin da ka rubuto, fitilu na dusashewa a silo, jar alama na haskawa kaɗan-kaɗan, kwana biyu aje ta mutu murus. Duk ukun laihi guda na iya kawo su. Za ka iya leƙa wanga da mitar ma, ka juya ta ga ACV inji na aiki, in ta nuna sama da rabin bolt akwai dayod da ya tahi, ko da yake wasu ƙananan mitoci masu arha na ba da lambar banza a nan, don haka kar ka yanke hukunci da shi kaɗai. Wata alama mai sauƙi, da sahe kahin ka tada mota ka ɗora hannu bisa altanetar, in ka ji ta da ɗumi alhali inji ya kwana sanyi, wuta ke bi ta cikinta.

Amma kahin a kwance altaneta a duba abubuwan da ba su cin kuɗi, don sau da yawa nan matsalar take a je a kashe dubbai a banza. Fanbel, in ya saki ko ya yi santsi yana sheƙi ko yana kuka da sahe, altaneta ba ta juyawa yadda ya kamata. Kawunan batir, in ka ga wanga farin gari ko kore-kore ya taru, ko kana iya juya kan da hannu, wuta ba ta wucewa sosai, kuma wannan kaɗai na sa kat kat ɗin da kake ji. A cire, baƙin kai shi ake hwara cirewa kuma shi ake mayarwa ƙarshe, a wanke da ruwan ɗumi da ɗan bekin soda, a kankare har ƙarhe shi yi haske, a ɗaure tamau a shafa ɗan giris bisa. A daina cusa ƙusa ko guntun gwangwani don kai shi kama, sabon kai ba ya da tsada. Sai babbar baƙar wayar nan da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da inji, a tsohuwar mota tana tsatsa inda anka ɗaure ta ko ta ruɓe cikin roba ba a gani. Ka sa baƙar wayar mita ga kan batir mai -, ja ga ƙarhen inji, wani shi murɗa makulli, in ka ga sama da 0.3 wayar ga na cinye wuta.

Awo na uku na mai ɗiba da dare ne. Kashe mota, zare makulli, rufe ƙohohi don fitilar ciki ta mutu. Cire baƙin kan batir, mayar da jar wayar mita ramin da anka rubuta 10A ka juya ta can, sai ka sa waya ɗaya ga kan batir ɗaya ga wayar da ka cire, wutar ta bi ta cikin mitar. Kar ka kuskura ka murɗa makulli a haka, mitar za ta ƙone nan take. Tsohuwar mota irin taka bai kamata ta wuce amfiya 0.05 ba, wato na agogo da rediyo. In ka ga 0.4 ko 0.8 ko fiye, sai ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya kana kallo, wanda ka zare lamba ta hwaɗi to layin nan ne ɓarawon. Waɗanda anka hi kamawa su ne rediyon da anka jona kai tsaye ga batir ba ta makulli ba, fitilar but da ba ta mutuwa in an rufe, tsohon alam da anka manta da shi, da cajar waya da ake bari a soket. Mutane na raina su amma lissafa ka gani, ƙaramin kwan fitila mai wat 5 na jan wajen amfiya 0.4, cikin kwana biyu ya sha kusan 20, sulusin batir mai lamba 62 ke nan, ga batirin da dama bai cika ba. In ka zare fiyus duka lamba ba ta motsa ba, sai a cire babbar wayar bayan altaneta, amma a tabbata batir a cire yake lokacin da ake kwance ta. In lamba ta hwaɗi bayan nan, dayod ɗin nan da nike zato ne.

Akwai kuma rabon garinmu a ciki. Zahi shi ke kashe batir, ba sanyi ba. Daga Maris zuwa Mayu nan Sakkwato ma'auni na wuce digiri 40, balle ƙarƙashin bonet, ruwan batir na ƙahewa farantan ciki na cinyewa da sauri. Sai hunturu ya shigo Disamba da Janairu, man inji ya yi kauri da asuba, batirin da bazara ta riga ta raunana shi kasa, mutane su ce sanyi ne ya kashe shi. In naka mai murahu ne ka riƙa buɗewa duk wata, ruwa shi rufe farantan, kuma tataccen ruwan batir kaɗai za a ƙara. Ban da ruwan rijiya ko na bohol ko fiya wata, gishirin da ke cikinsu na lalata farantan, ban da ƙara asid don ruwa ne ke ƙahewa asid ɗin na nan. Kar a leƙa da ashana ko a tsaya kusa da sigari, batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, na san waɗanda ya fashe wa a fuska. A kuma ɗaure shi da ƙarhen ɗaurinsa, batirin da ke tsalle a gargada farantansa na zubewa.

Ka kuma dubi irin tahiyar da kake yi. In daga Mabera zuwa wurin aiki ne minti goma, a kashe, a tada, a je kasuwa a kashe, altaneta ko lahiyayya ce ba ta samun lokacin mayar da abin da kik ya ɗiba. Sau ɗaya a sati ka ba ta hanya ta rabin awa ko fiye, ko Boɗinga ka je ka dawo. Kuma ka sani batirin mota ba a yi shi don shi riƙa zubewa ƙasa ba, duk zubewa guda na barin wani farin gishiri bisa farantan da ke taurarewa in ya daɗe, ƙarhinsa na raguwa ke nan har abada. Don haka a gaggauta, naka mai wata bakwai wataƙila ana iya ceto shi yanzu, nan da wata biyu na turi ba na ce ba.

In awo ya nuna altaneta ce, kar ka yarda a ce sai sabuwa tun ba a buɗe ba. Irin ta Bosch da ke zuwa a yawancin Golf 3, regileta da kabon ɗinta, 'yan sandunan gawayin da ke gogar sashen da ke juyawa ciki, a haɗe suke abu guda, noti biyu ke riƙe da shi ta baya. A cire a duba, in kabon ya cinye ya rage ƙasa da milimita 5 a sa sabo, sau da yawa shi ke nan aikin ya ƙare. In dayod ne a canza farantin dayod ɗin gaba ɗaya. In kuma za ka ɗauki ta Kwatano, ka duba lambar amfiya da ke jikin taka, galibi 70 ko 90, kar a ba ka wadda ta gaza, kuma ka yi sharaɗi da mai kaya sai an ɗaura ta ga mota ka ga 14 da idonka fitilu na kunne sannan ciniki ya faɗa.

Ka yi awon ukun nan ka turo mini lambobin, na sahe kahin tadawa, na inji na aiki fitilu kunne, da na mota kashe, in sha Allahu zan hwaɗa ma wanda za a kwance. Allah shi sawwaƙe.