Bishiyar ceri mai aure uku: amsar kawu ga ɗan ƙanwarsa

Ɗana, saƙonka ya iso, hoton ma na gani bayan da yaran gida suka buɗe mini shi a waya. Ya iyali, ya sanyin Ingila? Ka ce ka sayo 'yar bishiyar ceri, wannan ta ƙasashen sanyi mai ƙananan 'ya'ya masu ƙwallo, da za ka dasa a ɗan filin bayan gidanku, gindi ɗaya amma iri uku a kanta, Stella da Van da Napoleon, kuma maiɗakinka ta yi jim, tana ganin kamar an taɓa halitta. Shi ne kake tambaya ko mutanenmu sun san irin wannan, kuma me al'ada ta ce game da 'ya'yan fari da haƙƙin maƙwabci.

Sai da na yi dariya. Mangwaron tsakar gidan nan da kuke hawa kuna yara, wanda ka taɓa yage wandon salla a kansa, ai mai aure ne. Haka masu lambu ke kiran abin a nan, aure. Za a shuka ƙwallon mangwaro na gida mai zare, a bar shi ya yi kaurin ɗan yatsa, a datse kansa a tsaga. Sai a yanko tsiron irin da ake so, a fiƙe shi gefe biyu kamar bakin gatari, a cusa cikin tsagar yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a naɗe da leda tam. Bayan 'yan makonni, in Allah ya yarda, sai ka ga toho. Dangi kaɗai ke karɓar juna, mangwaro da mangwaro, lemo da lemo. Ba mai aura wa gwaiba mangwaro. Kuma kowane reshe 'ya'yan irinsa yake haifa, gindi nasa shayarwa ne kawai. To ina taɓa halitta a nan? Ka tuna mata hadisin da Muslim ya ruwaito, lokacin da mutanen Madina suka bar sa wa macen dabino furen namiji, dabinon ya ƙi kyau, Manzon Allah (SAW) ya ce musu su ne suka fi sanin al'amarin duniyarsu. Wancan ba aure ba ne irin namu, amma duk dabarar manomi ce, ta kwantar da hankalinta.

Abin da ya sa aka tara maka uku a gindi ɗaya ba ado ba ne. Yawancin ceri mai zaƙi ba ya 'ya'ya da garin furen kansa, sai ƙudan zuma ya kawo masa na wani iri dabam da suka yi fure lokaci guda. Van da Napoleon duk haka suke. Mai babban lambu sai ya jera iri-iri, mai ɗan fili kamar tabarma kuwa ina zai sa bishiya biyu? Stella ce ta fita daban. A Samaland ta ƙasar Kanada aka fito da ita a 1968, tana haihuwa ita kaɗai, tana kuma taimakon sauran. Duba takardar da ke rataye a jiki ka ga sunan gindin. In Gisela 5 ne, na Jamus, zai tsaya wajen mita 3, ya yi maka daidai. In Colt ne, zai iya kai mita 5 ko fiye, sai ka yi shiri. Lokacin da aka tura mu kwas ɗin aikin gona a yankin Kent na Ingila na ga tsofaffin lambunan ceri, bishiyoyi sun fi gidan sama, tumaki na kiwo a ƙarƙashi, ana hawa da wani dogon tsani mai faɗin ƙasa da tsukakken kai. Kallonsa kawai sai da jiri ya ɗebe ni.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Bishiya mai aure uku gidan mata uku ce, kuma ba a rasa mowa da bora. Wani iri ya fi wani ƙarfin girma. In ka zuba ido, mai ƙarfin zai janye abinci, ya miƙe sama, ya rufe 'yan'uwansa da inuwa. Na gani a gidana. Na taɓa aura wa gindin mangwaro ɗaya iri biyu, juli da pita, ina ta alfahari, duk baƙon da ya zo sai na ja shi ya gani. Juli dama ba ta da saurin girma. Aka yi mini canjin wurin aiki, na yi damina biyu ban waiwayi bishiyar ba. Da na dawo, pita ta cika sararin gida, na sunkuya ina laluben juli, na same ta a ƙasa, reshe kamar sandar makiyayi, ganye bai fi goma ba, ga gara ta fara lasar sa. Gwaggonka tana tankaɗe a gefe, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Wanda bai iya rabon kwana ba, me ya kai shi tara mata?" Har yau ban sami amsar ba ta ba.

Saboda haka tun ranar dashe za ka fara adalci. Dubi rassan uku, wanda ya fi siranta ka juya shi kudu, don a ƙasarku ta nan rana take bi. Ƙullin auren da ke ƙasa kada ka binne shi, ya zauna sama da ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙasa da ƙulli, na gindi ne, cire shi tun yana ɗanye. Ka ɗaura wa kowane reshe alamarsa da abin da ruwa ba ya gogewa, don wata rana kada ka datse Napoleon gaba ɗaya kana zaton kana gyara. Kowace shekara mai ƙarfi a rage shi sosai, mai rauni a taɓa kaɗan ko a ƙyale shi, har su daidaita. Hannu zai yi maka nauyi, don reshen da ya fi kyau shi za ka yanke, amma ka daure.

Lokacin yankan ma da magana. Kada ka ga maƙwabta suna yi wa tuffa aski da hunturu ka ɗauko almakashi. Ceri ana rage shi ne a Yuli ko Agusta, bayan an cire 'ya'ya, ranar da gari ya bushe. Yankan hunturu yana buɗe ƙofa ga wata cuta da ke mai da ganye launin azurfa, da wata da ke sa jikin reshe ya ruɓe yana zub da ƙaro.

Maganar 'ya'yan fari kuwa, a gidanmu mai bishiya ba ya fara ci. Kakanka yakan tsinko na farko, ya yi bismilla da addu'ar albarka, ya miƙa wa mafi ƙanƙanta cikin yaran da ke wurin. Da na girma na gane daga Sunna ya ɗauko, haka Annabi (SAW) yake yi in an kawo masa nunan fari. Daga nan sai a zuba a faifai a aika maƙwabta, ko guda bibbiyu ne. Reshen da ya tsallaka katanga, abin da ya faɗa can na yaran can ne, ba mai zuwa karɓa. A Ingila doka ta ba maƙwabci damar datse abin da ya shigo masa har iyakar shinge, ko da yake 'ya'yan naka ne. Kada ka bari ta kai ga haka, balle ya datse maka iri guda cif bai sani ba. Ka dasa nesa da shinge, ka gaya masa tun yanzu, in ta nuna kuma ka ƙwanƙwasa masa ƙofa da ɗan kwano.

Akwai maƙwabtan da ba sa jiran kwano, su ne tsuntsaye. Da 'ya'ya sun fara ja za su iya share maka bishiya cikin kwana biyu. Ka rufe da raga, ka ɗaure ta sosai kada su sarƙe a ciki. Ni dai da ni ne sai in bar musu ɗan reshe a waje, tun da an ce abin da tsuntsu ya ci daga shukar Musulmi sadaka ne. In kuma ruwan sama ya sauka dab da nuna ka ga wasu sun tsage, ba laifinka ba ne, halin ceri ne.

Ka ce za ka aiko mini da ƙwallo in shuka. Hutar da kanka. Ƙwallo ba ya maido irin uwarsa, kuma yawancin ceri sai ya kwana cikin sanyin da ya gaza digiri 7 na awa 700 ko fiye kafin ya yi fure da kyau. Hunturunmu na wanke ido da ruwan ɗumi bai kai nan ba. Ita kuwa bishiyar taka, ka yi haƙurin shekara biyu ko uku kafin ka ga abin kirki. In ta yi fure a Afrilu ka ɗauko mini hoto daga gefen reshen nan siriri, shi nake son gani. Gwaggonka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.