Amsa ga ƙanenmu a kan DJ Premier, Dre, Timbaland da Dilla

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, tun jiya da daddare na ga ana ta muhawara, ban samu sukunin sa baki ba sai yanzu da na rufe shago. Ƙanena, kai da ka tayar da zancen, na saurari muryarka har sau biyu. Ka ce wai DJ Premier bai kai a sa shi cikin manyan furodusoshi, wato masu haɗa wa mawaƙa kiɗa, ba, tunda shekara talatin kiɗa iri ɗaya yake yi, su Dr. Dre da Kanye West kuwa kullum da sabon salo. To ga amsata, amma ka daure ka ji ta har ƙarshe, don za ta ɗan yi tsawo.

Abu biyu ka cakuɗa wuri guda. Akwai furodusan da yake kamar tela, kowa ya zo zai ɗinka masa daidai jikinsa, ɗan gambara ya samu, mai waƙar soyayya ta samu. Akwai kuma wanda hannunsa ne ke sauyawa, in ka ji aikinsa na bana ba za ka ce shi ya yi na shekara biyar baya ba. Mutum na iya samun ɗaya ya rasa ɗaya, ka gane?

Dre ya sauya, wannan ba musu. Ka ji abin da ya yi wa ƙungiyarsu ta N.W.A a 1988, hayaniya ce da gudu, kamar ana faɗa a layi. Ya zo 1992 ya fitar da albam ɗinsa The Chronic, ya rage gudun, ya kawo bes mai nauyi da wata siririyar ƙara kamar busa, yana ɗiba daga kiɗan George Clinton, sau da yawa ma makaɗa yake kira su sake buga abin da hannu maimakon ya yanko daga faifai. A 1999 kuma ya zubar da duk kitsen, ya bar fiyano da ganga da fili. Salo uku cikin shekara goma sha ɗaya. Amma ka lura, fiyanon nan na Still D.R.E. da kowa ya sani, yatsun Scott Storch ne. Ba kushe nake ba. Baiwar Dre a kunne take. Shi ne mai cewa a cire wannan, a bar wancan, kuma wajen tace sauti wallahi har yau in ka sa aikinsa a mota za ka ji ko wane bugu yana zaune a mazauninsa.

Kanye ya fi kowa sauya riga. Ya fara da tsofaffin muryoyin soul da yake ƙara wa gudu har su koma sirara, irin wanda ya yi wa Jay-Z a 2001. A 2005 ya ɗauko Jon Brion, mai yi wa fina-finai kiɗa, aka cika waƙoƙi da goge irin na Turawa. A 2007 ya jawo kiɗan Daft Punk na Faransa. Mahaifiyarsa ta rasu ƙarshen wannan shekarar, sai ga shi a 2008 da albam mai sanyi da kaɗaici, injin ganga na 808 da otocun mai sauya murya ta koma kamar ta inji kawai. Sai dai duk sanda ya sauya, in ka duba sunayen da ke bayan albam ɗin, za ka ga sababbin mutane ne suka shigo ɗakin. Shi jagora ne mai sanin inda za a dosa. Halinsa na baya-bayan nan kuwa zance ne daban, ba shi ya tara mu ba.

In dai iya ɗinka wa kowa ake magana, ni Timbaland zan ba. Mutumin nan ya sa kukan gyare a waƙar Aaliyah a 1996, ya sa gwarancin jariri a wata waƙar tata a 1998, kuma duk suka zauna daram. Ganganarsa tana tuntuɓe, tana tsayawa inda ba ka zata ba. Ba na manta ranar da na fara sa Get Ur Freak On ta Missy Elliott a gida, wajen 2001 ko bayanta kaɗan. Ina tsakar gida da 'yar rediyona, gwaggona tana tankaɗe a ƙofar kicin, sai ta ɗago ta ce, "Wannan na wane fim ɗin Indiya ne?" Kuma ba ta yi kuskure ba, don ɗan molon nan mai tsirkiya ɗaya na mutanen Punjab ne, ga tabla a ƙarƙashi. Kunnenta da ya saba da fim ɗin Indiya ya kama abin kafin nawa. Sarewar waƙar Big Pimpin' ta Jay-Z kuma daga Masar ya ɗauko ta, kiɗan Baligh Hamdi ne da ya yi wa Abdel Halim Hafez. Wani ɗan uwan Hamdi ya kai ƙara a Amurka, aka yi shekaru ana yi, sai 2015 alƙali ta kori ƙarar. Mu masu ɗibar kiɗan wasu ƙasashe a situdiyo, ya kamata labarin nan ya tsaya mana a rai. To mutumin da ya yi wannan, shi ne a 2006 ya juya ya riƙe Justin Timberlake da Nelly Furtado a shekara guda. Ka ga tela ke nan.

Yauwa. Amma in sauyin hannu ake nufi, mutum ɗaya shi da injinsa, ba wanda nake sawa gaban J Dilla na Detroit. Bari in tsaya a kansa, don shi ya canza mini yadda nake jin kiɗa.

Ka san a manhajar da muke aiki da ita akwai abin nan kwantaiz, wanda in ka buga ganga da yatsa ta ɗan goce, sai ya ja ta ya ɗora a kan layi daidai. Dilla bai yarda injin ya daidaita masa komai haka ba. Sai ka ji kik, wato bugun babbar ganga, ya ɗan makara, tafi ya ɗan yi gaggawa, suna jan juna, amma kanka bai daina kaɗawa ba. Na taɓa zama dare guda ina gwadawa, na kashe kwantaiz ina buga madannai da yatsu biyu har aka kira assalatu. Washegari wani yaro ya zo ɗaukar murya, ya sa abin ji a kunne, ya yi layi biyu ya tsaya ya ce, "Oga, bit ɗin nan ya karkace fa." Na ce ya sake ji, kar ya ƙirga, ya bi shi kawai. A karo na uku sai ga kafaɗarsa tana motsi. Abin da na gane a ranar shi ne mu wannan ba baƙonmu ba ne. Ka tsaya kusa da mai kalangu a gidan biki, ba agogo yake bi ba, yana ja yana saki, da gangan yake yi. Dilla injin ya koya wa wannan.

Kuma bai zauna a nan ba. A 1995 da yake yi wa The Pharcyde aiki, kiɗansa mai laushi ne, jaz da bes mai ɗumi. Wajen 2001 zuwa 2003 ya koma sautin lantarki mai kaushi, kamar kaset ɗin da ya sha rana. Sai albam ɗinsa Donuts, guntaye 31, ba mawaƙi ko ɗaya, tsofaffin faya-fayai ne ya daddatsa har muryoyin ciki suna faɗar abin da ba su faɗa ba a da. Yana fama da ciwo mai tsanani a lokacin. Albam ɗin ya fito ranar 7 ga Fabrairu 2006, ranar da ya cika shekara 32, bayan kwana uku ya rasu. Injinsa MPC3000 yanzu yana gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a Washington. Mutum uku daban za ka ji a cikin shekara goma, kuma yatsu ɗaya ne.

To mu dawo kan Premier da ka raina. Da farko ma ba gaskiya ba ne cewa bai sauya ba. Ka ji albam ɗin Gang Starr, ƙungiyarsa shi da mawaƙi Guru, na 1991, dogayen yanka na jaz yake bari suna zagayawa. Bayan 'yan shekaru ya koma datsa sauti ƙanana-ƙanana, ƙwaya ɗaya ta fiyano, ƙwaya ɗaya ta kakaki, ya jera su yadda ko mai faifan ba zai gane kayansa ba. Amshin kuma da hannu yake haɗa shi, yana karce faifai, ya ciro kalma daga bakin wannan, ya ciro daga bakin wancan, su zama jimla ɗaya. Da wannan ya yi wa Nas a 1994, ya yi wa Biggie, ya yi wa Jay-Z a 1996. Da wannan hannun dai ya yi wa Christina Aguilera waƙa a 2006 har ta ci Grammy da ita, bai sauya gangarsa don ta ba, ita ta shigo gidansa.

Sannan ko da a ce bai sauya ba. Marigayi Alhaji Mamman Shata da kalangu ya fara, da kalangu ya ƙare a 1999. Ka taɓa jin wanda ya ce Shata ba gwani ba ne don bai koma garaya ba? Akwai mai tona rijiyoyi da yawa, akwai mai tona ɗaya ya yi ta zurfi. Premier na biyun ne, kuma daƙiƙa uku sun isa ka gane shi ne. Mu nan nawa ne a cikinmu za a ji kiɗansa a ce na wane ne tun kafin a ji sunansa a farkon waƙa?

Ga aikin da zan ba ka, ƙanena. Ka nemo albam ɗin Common na shekarar 2000, Like Water for Chocolate, wanda waƙar farko ta girmama Fela ce, har Femi Kuti yana ciki. Dilla ne ya yi yawancin kiɗan, amma akwai guda ɗaya ta Premier. Ka ji The Light ta Dilla, sannan ka ji The 6th Sense ta Premier, mawaƙi ɗaya ne, shekara ɗaya. Da abin ji na kunne za ka ji, ba da lasifikar waya ba, don bes ɗin ba zai fito ba. In ka gama ka turo mana murya ka faɗa mana yadda Common ya zauna a kan ko wanne. Ina jira. A gaida mutanen gida.