Amsa ga mai tambaya kan kwanson harsashi da ya tsage bayan harbi

Ƙanena, ka ce ka harba bindigarka ta farauta, da ka tsinci kwanson sai ka gan shi a tsage, kana tambaya ko ka ci gaba da sauran harsasan. Dakata tukuna. Ba ka faɗa mana inda tsagewar take ba, alhali nan ne duk maganar take. Na daɗe ina aikin tsaron daji tsakanin Baban Rafi da Gadabeji, kwanso iri-iri ya bi ta hannuna.

In a wuya ya tsage, can baki inda kan harsashin ke zaune, galibi laifin kwanson ne, ba na bindiga ba. Tagullar ce ta tsufa ta yi tauri, ko kuma an sha sake cika kwanson har ya gaji. Akwai kuma abin da mutanenmu ba su kula da shi: warin fitsarin dabbobi. Sojojin Ingila sun gamu da wannan a Indiya, suna ajiye harsasai a bargar dawaki lokacin damina, kwanson yana tsagewa tun ba a harba ba. Sai a 1921 aka tabbatar cewa amoniya da ke tashi daga fitsarin doki ce ke cin tagullar. To mu nan Maraɗi ina ake ajiya? A ɗakin da ke jikin turken awaki, ko kusa da buhun takin zamani da ya sha laima. Wasu ma har goge harsashi suke da man goge tagulla don ya yi ƙyalli, shi ma yawancinsa da amoniya a ciki.

Tsagewar da ke ba ni tsoro ita ce ta gindi. Lokacin harbi, matsin da ke cikin kwanson babbar bindiga yana kaiwa wajen bar 4,000 (bar ma'aunin matsi ne), tayar mota kuwa bar 2 da ɗoriya take ɗauka. Kwanson ne ke toshe wannan iska mai wuta kada ta dawo baya. In tazarar da ke tsakanin gindin harsashi da makullin baya, wato ƙarfen da ke rufe harsashi ta baya, ta yi yawa, kamar yadda ake samu a tsofaffin bindigogi samfurin .303 da suka ci jiki, kwanson zai miƙe, ya yi siriri daf da gindi, ya yanke. Iskar da burbushin tagulla fuskarka za su nufa, ido ne farkon abin da suke samu. Dubi sauran kwansunan da ka harba: in ka ga zobe mai haske ya kewaye su kaɗan sama da gindi, lanƙwasa bakin waya ka zura ciki. Ka ji ta maƙale a wani kwari? Ajiye bindigar nan.

Tsagewa ta tsawo a tsakiyar jiki kuwa, fara zargin harsashin ba na bindigar ba ne. Mai sayarwa zai ce maka 7.62 ne, amma akwai 7.62x39, da 7.62x51, da 7.62x54R, ba ɗaya suke ba ko kusa. Karanta abin da aka buga jikin bututun, ka gwada da na gindin harsashin.

In makullin ya yi wuyar buɗewa bayan harbi, ko hular da allura ke bugawa ta baje, matsi ya wuce kima. Harsashin da ya wuni cikin mota a zafin watan Afrilu yana iya jawo haka. Haka ma bututun da ya toshe, don zanzaro na son gina ɗakinsa a bindigar da aka rataye aka manta. Cire harsashi, leƙa bututun ta baya kafin kowace fita.

Ka ɗauki bindigar da kwanson da ya tsage ka kai wa mai gyaran da ke da ma'aunin wannan tazara. Maƙerin unguwa, duk gwanintarsa, ba zai gane ta da ido ba. Sauran harsasan kwalin kada ka jefa su wuta ko masai, miƙa wa jandarma. Ka kuma turo hoton kwanson ta gefe da ta gindi mu duba.