Ta ina fari ke samun mutumin da ruwa ya kewaye?

Tambaya: Bandar kifi nake sayarwa a Jos. Masu kawo mana kaya daga Baga kullum kukansu fari da hamada. To mutanen tsibiran Tafkin Chadi, ruwa gaba ruwa baya, ta ina fari zai same su?

Amsa: Hajiya, Tafkin Chadi faranti ne: faɗi gare shi, zurfi kaɗan. Ruwa ya ragu da kamu ɗaya, a wasu wuraren gaɓa sai ta ja baya da kilomitoci. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000. Farin 1973 ya raba shi gida biyu, arewa da kudu, na 1984 ya bar shi bai fi kashi ɗaya cikin goma ba.

Ki dubi masunci. Ya kwana da kwalekwale ɗaure a ƙofar gida, bayan wata biyu tsakaninsa da ruwa sai taɓo da ciyawa, jirgi ba ya ratsawa, ƙafa ba ta ratsawa. Kasuwa ta yi nisa, asibiti ya yi nisa, kifi ya bi ruwa. Buduma, ƙabilar da ke zaune a tsibiran, masu shanun Kuri da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo, sun san wannan tun kaka da kakanni. Inda ruwa ya janye kuma ya bar danshi, manomi ya zo da masara da wake, makiyayi ya zo da garke, kowa idonsa kan fili ɗaya.

Amma ban yarda da masu cewa tafkin na gab da ƙafewa ba. Tun shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo, a 2022 ma ambaliya ce ta cinye gonaki. Abin da ke kassara mutanen nan rashin tabbas ne. A da idan ruwa ya gusa sukan bi shi. Yau rashin tsaro ya toshe hanyoyin, wannan ya fi damuna.

Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan tafkin daga kogunan Shari da Logone yake, waɗanda ke ratsowa ta Chadi da Kamaru. Namu rabon na Najeriya ta kogin Komadugu Yobe yake bi, madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) kuma sun rage shi. Kogin Dilimi da kike tsallakawa a cikin Jos, ruwansa kogin Jama'are yake gangarawa, daga can ya nufi Komadugu Yobe.