Likita, Na Sha Maganin Ƙwayar Gyambon Ciki Sau Biyu, Har Yanzu An Ce Tana Nan

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni matar aure ce daga unguwar Gwammaja, kuma kusan shekara uku ke nan ina fama da zafi a ƙahon zuci, da kumburin ciki da yawan gyatsa, musamman cikin dare. An gwada jinina aka ce ina da ƙwayar H. pylori, na sayi haɗin magani na mako guda a kemis na shanye, na samu sauƙi na ɗan lokaci, sai ciwon ya dawo. Na sake sayen irinsa na sha, amma da aka maimaita gwajin jinin aka ce ƙwayar tana nan. Yayata da ke zaune a ƙasar waje ta ce an fito da sabon magani. Shin gaskiya ne, kuma in sa ta aiko mini?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara sauƙi. Kafin mu kai ga sabon magani, akwai abin da ya tsaya mini a rai cikin wasiƙarki, wato gwajin da aka maimaita miki na jini ne. Gwajin jini ba ƙwayar yake gani ba, garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙarta yake gani, kuma wannan garkuwa takan zauna a jini watanni, wani lokaci har shekaru, bayan ƙwayar ta mutu. Kamar sawun ɓarawo ne a tsakar gida, yana shaida cewa an shigo, amma ba ya shaida cewa ɓarawon yana ciki har yanzu. Abin da zai raba gardama shi ne gwajin bahaya ko gwajin numfashi, kuma sai an cika mako 4 da gama maganin kashe ƙwayoyin cuta, an kuma dakatar da magungunan rage tsamin ciki, wato omefirazol da danginsa, na mako 2, in ba haka ba ƙwayar takan yi lamo, gwajin ya ce babu ita alhali tana nan.

To, a ce an yi gwajin da ya dace an same ta. Ba abin mamaki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Helikobakta failori, wato H. pylori ɗin da aka ce kina da ita, ƙwaya ce mai wayo, domin tana fitar da wani sinadari da ke dakushe ruwan tsamin tumbi a kewayenta, sannan ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe bangon tumbin ta zauna shekara da shekaru. Wasu likitoci biyu na ƙasar Ostiraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su ne suka gano ta a 1982, kuma da aka ƙi yarda da su, Marshall ya kurɓe ta da kansa a 1984 har ta kwantar da shi, kafin daga baya a ba su kyautar Nobel a 2005. Haɗin da aka daɗe ana kashe ta da shi guda uku ne: maganin rage tsamin ciki, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, wato kilaritiromaisin da kuma amoksisilin ko metironidazol. A yau kilaritiromaisin ɗin nan ya daina cin ta a wurare da yawa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a 2017 cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sabon magani dominsu da gaggawa. Ƙa'idar masana ita ce, a duk yankin da bijirewar ƙwayar ga kilaritiromaisin ta haura kashi 15 cikin 100, a daina fara magani da wannan haɗin.

Yadda muka kai ga haka kuwa, a gaban idonmu yake faruwa. Nakan roƙi marasa lafiya su zo mini da ledar magungunansu, kuma idan aka zazzage ta a kan tebur, abin da ke faɗowa kusan iri ɗaya ne: guntun kati na Flagyl, wato metironidazol, da aka sha saboda gudawa, da sifiro guda huɗu da mai kemis ya yanko da almakashi saboda an ce taifod ne, da kafso mai ja da rawaya da aka buɗe aka zuba a koko. Duk wanda aka sha rabi aka bari, ƙwayar da ke kwance a tumbi ta ɗanɗana shi ba ta mutu ba, ta kuma san makamarsa. Shi ya sa maimaita haɗin da ya gaza a karon farko asarar kuɗi ce kawai, kuma ina roƙonki kada ki sha shi karo na uku. Ga shi kuma na mako guda kika sha, alhali kwana 14 ake so.

Maganar yayarki gaskiya ce. Mafi shahara cikin sababbin shi ne bonofirazan, wanda aka fara amfani da shi a Japan a 2015 da sunan Takecab, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi don wannan ƙwaya a watan Mayun 2022 da sunan Voquezna. Abin lura shi ne, shi kansa ba ya kashe ƙwayar, tsamin ciki yake dannewa, amma da ƙarfi da daɗewa fiye da omefirazol, tun daga ranar farko, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Hikimar ita ce, idan tsami ya yi ƙasa sosai sai ƙwayar ta saki jiki ta fara hayayyafa, amoksisilin kuma a daidai wannan lokacin yake samun damar fasa ta. A babban gwajin da aka yi a Amurka da Turai, cikin masu ɗauke da ƙwayar da ta bijire wa kilaritiromaisin, tsohon haɗi ya warkar da kusan kashi 32 cikin 100 ne kawai, yayin da bonofirazan da amoksisilin su biyu suka warkar da kusan kashi 70. Wannan ci gaba ne na gaske, sai dai ki duba da kyau, mutum uku cikin goma ba su rabu da ita ba.

Na biyu shi ne Talicia, kafso ɗaya da ya tattara omefirazol da amoksisilin da rifabutin, wanda aka amince da shi a Amurka a watan Nuwamban 2019, kuma a gwajinsa ya kashe ƙwayar a jikin kusan kashi 84 cikin 100. A kan wannan ina da fargaba, domin rifabutin ɗan gida ɗaya ne da rifamfisin, ginshiƙin maganin tarin fuka, mu kuwa tarin fuka bai bar mu ba. Idan aka mayar da shi abin yanka da almakashi a kemis, muna iya gyara tumbi mu ɓata maganin huhu. A ganina a ajiye shi ga wanda sauran hanyoyi suka gaza masa, kuma a hannun likita, tunda yakan rage fararen ƙwayoyin jini.

Saboda haka ba na ba ki shawarar a aiko miki da magani daga waje ki sha a ɗaki. Ki tattara kwalayen duk abin da kika sha, ki je wa likitan ciki a babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, domin da wannan tarihin ne zai zaɓa miki abin da ƙwayar ba ta saba da shi ba, ya kuma duba ko akwai buƙatar a leƙa tumbin da na'ura. Sau da yawa abin da ya dace da mai irin labarinki tsohon haɗi ne mai guda huɗu, wato bismut da tetirasaikilin da metironidazol da maganin rage tsami, na kwana 14. Yana da wahalar sha, ba zan ɓoye miki ba: ƙwayoyin suna da yawa, wasu sau huɗu a yini, baki yakan yi ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, harshe da bahaya su yi baƙi saboda bismut, abin da ke tsorata mutane su daina a kwana na biyar, alhali ba illa ba ce. Ba a haɗa tetirasaikilin da madara ko fura da nono sai an ba da tazarar awa 2, kuma mai juna biyu ba ta shan sa, don haka ki sanar da likita idan kina zaton kina da ciki. Idan azumi ya kusa, gara a tsara shi kafin Ramadan ko bayan salla, domin shan magani sau huɗu ba ya shiga tsakanin buɗa-baki da sahur.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan gwajin tabbatarwa bayan an gama maganin shi ne, tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya wannan ƙwaya cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin tumbi. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba za su taɓa kamuwa ba, amma ɗaukewar ciwo ba ta nufin ƙwayar ta mutu. Kafin ki ga likita, ki nisanci magungunan ciwon jiki irin daikilofenak da ibufirofen, domin su ma suna cin bangon tumbi. Idan kuwa kika ga aman jini, ko bahaya baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta ba tare da kin sha bismut ba, ko rama babu dalili, ko abinci yana tsaya miki a ƙirji, to a ranar za ki tafi asibiti.

TAMBAYA: Likita, an same ni da wannan ƙwaya, kuma kwano ɗaya muke ci da iyalina a Kurna. Shin in saya wa kowa magani?

AMSA: A'a, Malam, kada ka saya. Gaskiya ne a cikin gida take yaɗuwa, ta yawu da hannun da ba a wanke ba bayan an fito daga bayi da ruwan sha marar tsabta, kuma galibi tun ana yara ake ɗaukarta, shi ya sa nake hana iyaye mata tauna wa jariri abinci su ba shi a baki. Maiɗakinka da manyan gidan su yi gwajin bahaya, wanda aka samu da ita likita ya rubuta masa nasa gwargwadon abin da ya taɓa sha a baya. Yara kuwa sai likitan yara ya gan su tukuna, domin tetirasaikilin yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara 8 ba.