Amsa ga Habu kan kiɗan Han Bennink

Salamu alaikum. Habu, na ji saƙonka. Ka ce ka kunna faifan Han Bennink, makaɗin gangar jazz ɗin nan ɗan Holan, ka ji kamar ana zubar da kwanoni, kana tambaya ko haka yake in yana wasa a gaban jama'a. Ni dai abin da na fahimta, so kake ka san ko ya kai mutum ya kashe kuɗin tikiti. To ka je. Wallahi ka je.

Na gan shi da idona a Bimhuis, wani gidan kiɗa nan Amsterdam. Ganga ɗaya tak ya fito da ita, 'yar ƙaramar nan mai wayoyi a ƙasa. Yana cikin kiɗa sai ya ɗaga ƙafa ya ɗora a kan fatar, yana dannawa yana sakewa, muryar gangar tana hawa tana sauka, kamar yadda mai kalangu ke matse igiyoyi a hammata. Can sai ya sauko ya zauna dirshan a ƙasa, ya koma kaɗa katakon dandamalin, da takalminsa, da ƙafar kujera. To a faifai me za ka ji? Ƙwas, ƙwas, sai shiru. Ba ka san katako ba ne, ba ka san shirun nan mai fiyano yake kallo yana jiransa ba. Sautin ya iso kunnenka, dalilinsa kuma an baro shi can a zaure.

Amma tsaya, kada in zalunci faifai. Ka nemi Last Date, wanda ya yi da Eric Dolphy, mai busa ɗan Amurka, a garin Hilversum na Holan cikin watan Yuni 1964. Bennink yana ɗan shekara 22 lokacin, an haife shi a 1942, kuma a watan nan ne Dolphy ya rasu a Balin. Faifan nan ma fa a gaban mutane aka ɗauka, to ka ga rabon nan na faifai da fili ba... bar shi dai. Ka kasa kunne ga hannun Bennink na dama a kan farantin ƙarfen da ake kaɗawa tare da ganguna. Bai kauce ko sau ɗaya ba.

Wannan ne ya sa har yau maganar wani a wannan zaure namu na hira take ci mini rai. Shekara nawa ke nan, ya ga bidiyon minti ɗaya a waya, ya ce mutumin bai iya riƙe lokaci ba, wasan yara yake yi. Minti ɗaya fa! Mutumin da ya raka Sonny Rollins da Dexter Gordon lokacin da suke zuwa Holan. Mutumin da suka kafa ƙungiyar makaɗa ta ICP shi da Misha Mengelberg da Willem Breuker tun 1967. Na tura masa faifan, ko buɗewa bai yi ba. Ya san kansa, yana jina.

In za ka je, Habu, ka yi sammako ka kama kujerar gaba, don in ya zauna a ƙasa na baya ba sa ganin hannunsa.